Dubu Bakwai da Kwalbar Lemo

Ni ne Ɗanjimma, kalangu na gada.
A Ƙaura anka haife ni, bayan tashar jirgi,
inda ciyawa ta rufe dogo yanzu.
Ban kai tsawon turmi ba
anka rataya mini kurkutu, na bi ubana mahauta.
Sarkin Fawa Maidamma in ya ji takensa
sai ya yar da wuƙa, ya ɗaga hannu,
mu koma gida da cinya guda da kayan ciki.
Ba mu san cefane ba sai na gishiri.

Alhamis ta Shinkafi ce.
Mu kwana uku a hanya, gari-gari,
nan suna, can kamun kai, can an ɗebe amfanin gona.
Yau wa zai bi hanyar da ganga a kafaɗa?
Ƙauyukan da sunka ciyar da ni
sun dawo cikin gari suna haya,
biki kuma kafin magariba an watse.

Sai ga Lawwali, ɗan ƙanwar matata,
wai in zo Gusau, Tudun Wada, yana da situdiyo.
Ɗaki ne kamar akurki,
an manne bango da katifa da kwalin ƙwai.
Ya sa mini wani abu a kunne, ya ce:
Baba, buga sau ɗaya. Na buga.
Matse tsarkiya, sake bugawa. Na sake.
Na ce yaro, ba haka ake magana ba,
ganga jimla take yi.
Ya ce jimlar tana cikin kwamfuta.
Dubu bakwai da kwalbar lemo.
Mota ta ci dubu uku.

Wata biyu, ina wucewa ta rumfar masu tura waƙa,
na ji hannuna.
Nawa ne, har ɗan jinkirin nan
da na samu tun da jaki ya taka mini yatsa.
An ɗora masa muryar yarinya mai kama da sarewa,
ɗari biyu a zuba maka a waya.
Na tsaya kamar mai bin bashi
da ya manta sunan wanda yake bi.

Tun daga nan hannuna ke zuwa biki ba ni.
Ya je Mafara, ya je Anka, an ce har Jega,
ba ya gajiya, ba ya neman tuwo,
ba ya ƙin hanya don tsoro.
Ni ina ƙofar gida ina ɗinke fata
ga gangunan da ba mai saye.

Ranar da Hajiya Ige ke aurar da jikanta
injin ya yi tari biyu ya mutu.
Mai kiɗan akwati ya tafi neman fetur,
mata sun yi cirko-cirko cikin leshi.
Aka turo yaro a guje.
Ban yi fushi ba, fushi sai mai hatsi a rumbu.
Na matse ganga a hammata,
na kira mata taken kakarta, mai ƙosan bakin tasha,
wanda ba ya cikin kwamfutar kowa.
Tsohuwa ta ajiye carbi.
Ta taso, gwiwa na ƙara, mayafi na zamewa,
tana rawa tana share ido,
jikoki na ɗauka a waya.

Da aka zo liƙi, ba mai takarda a jaka.
Suka ce Baba, kawo lambar asusu.
Ni da banki ko gaisuwa ba ma yi.
Na ba su ta Lawwali.

Yau kwana tara.
Ya ce sabis ne ba kyau.
Fatar gangar gabas ta fara tsagewa,
ɗan akuya kuwa ya yi tsada.