Kashi Arba'in Cikin Ɗari

Takardar ta zo ran Talata
a hannun yaron maƙwabta, duk maiƙon ƙosai a gefenta.
Na kira ɗiyata Murja:
"Karanta a hankali, Turancin ofis ba ya son gaggawa."

Ta ce, "Baba, za su sake duba lamarinka."
Na ce, "Su duba. Hannun dai bai tsiro ba."

Shekara goma sha ɗaya ke nan
da injin murza ƙarfe ya karɓi gaisuwata, ya ƙi saki.
Likita ya auna abin da ya rage,
ya rubuta: kashi arba'in cikin ɗari.
Na dawo Rafindaɗi ina tambayar kaina,
wane arba'in?
Ɗaurin mazagi yana ciki?
Alwala fa, da ɓare gyaɗa,
da yankan ragon sunan auta da na miƙa wa ƙanena wuƙa?

Murja ta bi layi da yatsa:
"Mai yiwuwa an yi kuskure a lissafin farko.
Mai yiwuwa kana bin su ariyas."
Kalmar ta faɗo tsakar gida kamar kwanon silba.
Hassu ta tsai da rariya,
ta ɗaga kai ta dubi rufin da ke yoyo tun damina uku.

Na ce, "Koma baya.
Ja layi a ƙarƙashin mai yiwuwa.
Ba a ɗora tukunya don kazar da ke kan katanga."

Ran Alhamis na je ofis.
Benci ɗaya, mu bakwai:
mai sanda, mai keke, wani da ba a ganin ciwonsa
sai in ya yi tari.
Malam Zayyanu ya jera marafan kwalba a tebur.
"Wannan abin da ake ba ka ne duk wata.
Wannan abin da ya kamata, in likita ya ce sittin.
Tazarar da ke tsakani, sau watanni, ita ce ariyas.
Amma daga yaushe za a fara ƙirga?
Daga ranar haɗari, ko ranar da ka kawo koke?
Nan gizo ke saƙa."

Na ce, "In kuma ya ce talatin?"
Ya janye marfi ɗaya, bai dube ni ba.

Suna son katin asibiti, wanda gara ta ci rabinsa,
da hoton ƙashi, da fasfo biyu.
Sai aka turo fom: dangwala babban yatsan dama.
Na dubi fom, fom ya dube ni.
Mai tarin nan ya yi dariya har ya shaƙe.
Na ba su na hagu,
Malam Zayyanu ya rubuta dalili a gefe da ƙaramin rubutu.
Ina jin shaidar da ta fi ƙarfi a fayil ɗina ke nan.

Kafin in iso gida labari ya riga ni.
Ɗan'ila mai shago ya gaishe ni har da tambayar jiki,
littafin bashi a buɗe a gabansa.
Hassu ta san kuɗin bandir ɗin kwano.
Murja ba ta ce komai ba,
amma na ga takardar makaranta ta fito daga ƙasan akwati.

Ni kuwa abin da nake so ƙarami ne:
wani ya zauna, ya sake ƙirgawa,
ya ce, "Malam Iro, mun gaza maka a awo."

Sun ce wata uku, ko shida.
Waya na aljihun hagu.
Jiya da dare ta yi ƙara, duk gidan ya yi tsit.
Kamfanin layi ne, wai in sayi waƙa.
Hassu ta tashi ta gyara wa bokiti zama a ƙarƙashin yoyo.