Shawara

Shekara arba'in Baba Gambo na tsoma hannu
a marinar Ƙofar Mata,
shuɗi ya kama shi har gwiwar hannu.
Bana idonsa ne ya rinu, ruwan ɗorawa.
Muka ce shawara ce, aka jiƙa saiwa.

A asibitin Malam likita ta juyo mana hoton:
"Sankara ce a hanyar matsarmama.
Da an zo da wuri, da aiki zai fitar.
Yanzu za mu zura ɗan bututu, ruwan ya samu hanya,
sai magani ta jijiya, mako-mako."

Baba ya ce, "To, yau ga shawarar gaske."
Shi kaɗai ya yi dariya.

Da dare ƙaiƙayi ke hana shi barci.
Ina sosa masa baya da totuwar masara,
ba na cewa komai.

Abokan rini kan zo bayan La'asar,
su cika zaure da musun tsadar baba
har ya ɗaga kai ya ƙaryata Sambo.

Ran Talata ya sha rabin kofin kunu.
Na rubuta a bayan katin asibiti.