Makullai Goma Sha Ɗaya

Zauna, Rikuto. Ajiye takardar bankin tukuna.
Makullai goma sha ɗaya ne a zoben nan,
kowane da injinsa, kowane inji da halinsa.
Ka ji labarinsu kafin in ce na sallama.

Na farkon tsoho ne tun ranar da na saye shi
a bayan wata maƙera a Takaoka,
tsatsa ta ci ƙafarsa, fitilarsa na ƙyafta ido
kamar mai gyangyaɗi.
Shekarar da teku ta hana Shigeto dawowa ke nan.
Na baje kuɗin gaisuwa a kan tabarma, na ƙirga,
na ce wannan uwa ce, ba a cin uwa,
sai dai a jira ta haihu.

Gaban gidan waya na fara kafa shi, don wurin ya ba ni sha'awa.
Wata uku, sulalla ba su cika tafin hannu ba.
Ashe ba ƙishirwa ke kai mutum aika wasiƙa ba.
Na yi hayar mota, na kai shi mashigin jiragen Himi,
inda masunta ke sauka ƙarfe huɗu na asuba,
yatsu a ƙage, gira ta yi ƙanƙara.
Kofi mai zafi a gwangwani, da miyar masara.
Kwana tara cikinsa ya cika har ya ƙi karɓar kuɗi.

Ran nan na gane ba inji ke ciniki ba,
sawun mutane ne.
Na koma mai zaman benci da fensir,
ina ƙirga masu wucewa kamar mara aikin yi.
Asibiti ya ba ni biyu. Gidan wanka, ɗaya.
Na bakin makaranta yana azumi duk hutun bazara,
kada ka zage shi, yana ramawa.

Ga littafin. Ɗaga shi ka ji nauyi.
Shekara goma sha tara, babu makon da na tsallake:
abin da na zuba, abin da ya fita,
kuɗin wuta, ladan mai fili,
ranar da guguwa ta kifar da na bakwai,
ranar da aka sauya takardun kuɗi
na bi su ɗaya bayan ɗaya ina sauya musu baki.
Ko yen ɗari ban taɓa sa wa aljihu ba
sai da biro ya shaida.
Ga yarjejeniyoyi, da hatimin masu wuri,
an rubuta a ciki: ko hannu ya sauya, inji na nan.

Bara wani ya zo daga Toyama da jaka mai sheƙi,
ya ƙwanƙwasa ƙarfe, ya taya kuɗin ƙarfe.
Na ce albarka.
Ƙarfe yana tsufa kamar gwiwoyina.
Abin sayarwa shi ne hanya,
da mai gadin asibiti da ke kirana in kwalba ta maƙale,
da wannan littafi da bai iya ƙarya ba.
Ribar shekara uku na sa masa, ba na ragewa.

Abu ɗaya ne ba ya cikin farashi.
Injin bakin ruwa, maɓalli na huɗu daga hagu:
baƙin kofi, ba sukari, mai ɗaci kamar magani.
Gwangwani biyu yake sayarwa a wata, wani lokaci babu.
Za ka gan shi da jan biro, shi kaɗai ne asarata.
Irinsa Shigeto ke sha.

Ka bar shi har dusar ƙanƙara ta narke.
Bayan nan, injinka ne.

Miƙo hannu. Na uku yana gardama,
sai ka ɗan ɗaga ƙofar kafin ka murɗa.