Littafin Bashin Mai Aski

Shagona na kan titin Freeman, a Grimsby,
tsakanin gidan caca da wani bankin da ya mutu.
Kujera ɗaya, almakashi biyu, madubi mai tsaga.
Shekara goma sha tara ina aske kawunan garin nan.
In aljihu ya bushe, suma ke fara tona asiri,
kai bai iya ƙarya ba.

Na tarar jiragen su sun daɗe da tafiya,
sai ƙarnin kifi da ya kama bango,
da tsofaffi masu harara teku kamar abokin da ya ci amana.
Sai gidan yankan kifi ya bi sahu
wata Juma'a, da takarda manne a ƙofa.
Maza da mata suka juyo gida da hantsi,
abincin rana na jaka, ko buɗe shi ba a yi ba.

A shekarar na sayi littafi mai jan bango.
Derek Cammack, aski uku.
Ɗan Maureen, ɗaya, zai je neman aiki.
Ɗan Maureen, ɗaya kuma, zai je neman aiki.
Wani ya biya da gyaran famfo, wani da butar shayi,
wani in ya hango ni sai ya tsallaka titi.
Ban riƙe shi ba. Kunya dai ba ta Bahaushe kaɗai ce ba.

Ladidi ta ce mu naɗe tabarma mu nufi Manchester.
Na ce sai baɗi.
Baɗi ta zo, na ce sai baɗi.
Ta ce, “Sallau, taurin kanka ko reza ba ta iya da shi ba.”

Sai ga wasu fararen dogaye sun tsiro a tsakiyar ruwa,
kowanne da hannu uku, suna juyi ba dare ba rana,
suna tatsar lantarki daga iska,
iskar nan dai da ta karya mini laima bakwai,
wadda muke zagi kullum a tashar bas.
Ashe arziki ke marin mu a kunci
ba mu gane ba.

Ɗan Maureen yanzu ƙarfe biyar yake shiga jirgi.
Wata guda ya yi yana amai, ya ce, kafin cikinsa ya saba.
Ran Asabar ya shigo da takalmin aiki, gishiri a gira,
ya ce in ɗauko littafin.
Ya bi shafinsa da yatsa, ya ƙirga tara,
ya biya goma.
Na ja layi a kan sunansa, hannuna na rawa,
na ce turaren aski ne ya shiga idona,
shi kuwa bai musa ba.

Mataccen bankin ya farfaɗo, kofi ake sayarwa,
kofi biyu kuɗin aski ɗaya.
Mai gida ya ji labari, haya ta hau.
An yi wa fitilun titi sabon fenti.
Na ɗauki yaro, na ƙara kujera,
madubin dai ban canza ba.

Amma in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.
Derek na da sittin da ɗaya.
Sun ce gwiwarsa ta tsufa da hawan tsani,
fansho kuma ya ce da saura.
Yakan zauna, in yafa masa ƙyalle, ya rufe ido.
“Ubana ya ci daga ƙasan tekun nan,” in ji shi,
“jikata za ta ci daga samansa.
Ni ne aka tsallake a tsakiya.”
In na kaɗe masa wuya sai ya ce, “Rubuta.”
Nakan ɗauki biro, in sunkuya, in motsa hannu.
Ya san, na san,
shekara biyu ke nan biron ba shi da tawada,
kuma ban sayi wani ba.