Askin Ramanatan

Wata biyu shagonsa na Kakuri a rufe,
gizo-gizo na saƙa abin da masaƙa ta daina.
Ran Laraba, ruwan la'asar na ɗaukewa, sai ga shi,
kai tal, yana ƙyalli kamar sabon ƙoƙo.
Na ce, "Ramanatan, ina sumar da kake wa mai kowace safiya?"
Ya ce, "Tanimu, na baro ta a kan dutse."

Tirupati, in ji shi.
Matakala dubu uku da ɗoriya, ba takalmi,
gwiwa na kuka kamar ƙofar tsohon sito.
A can sama mutane kamar an tona gidan tururuwa,
mai sanda, mai jariri, mai kuɗi, mai tsumma,
layi tun isha'i har rana ta take,
ƙanshin kafur, ƙarar ƙararrawa,
sai wani ɗaki mai duhu da fitilar mai.
Ya ɗaga ido. Kafin ya sauke,
an ce masa gaba, na baya na jira.

Na ce, "Duk wannan wahala don ƙiftawar ido?"

Ya daɗe yana juya sifana a hannu.
Shekarar da kogin Kaduna ya shiga gidaje,
ɗansu ya kwanta, likita ya girgiza kai.
Kamakshi ta yi alkawarin gashinta in yaron ya tashi.
Yaro ya tashi. Masaƙa ta rufe. Kuɗin jirgi ya gagara.
Ita kuma ba ta jira ba.
"Bashi ne," ya ce. "Nawa gashin bai kai nata ba,
amma shi nake da shi."

Hanyarsa daban, tawa daban,
shekara talatin mun san haka, ba mu taɓa ja ba.
Sai dai fatar kaina ta tuna wani abu:
sanyin aska a Mina,
da yadda na tsaya cikin dubun dubata
ina kiran sunan mahaifiyata a hankali.

Alewar ɗakin bautarsu bai miƙo mini ba, ya san ni.
Ganyen shayi ya kawo, a ƙunshin jarida
mai rubutu kamar ƙugiyoyi.
Na ɗora ruwa.
Sauro ya fara zagaya sabon filin da ya samu,
na cire hulata na kifa masa.
Ta yi masa yawa.