Rigar Rahamu

Daren ashirin da tara, a Bagalam,
kuran ya ɗauke tun bayan lisha.
Na koma kan tsohon keken ƙafa,
tocila a baki, awo a wuya,
ina bin bakin zanen Hajiya Tabawa.

Ɗinki arba'in da ɗaya na karɓa bana,
kowane da rantsuwarsa.
Tela ba ya ƙarya,
wata ne kawai ke saurin tsayawa.

Tsahara ta leƙo, hannu cikin leda,
lalle bai kama ba tukuna.
"Ƴaƴan mutane sun samu nasu.
Naka fa?"
Ta juya, ba ta jira amsa ba.

Rahamu na barci a bakin shago,
sabon kitso ya ja mata gira sama,
ta yi matashi da takalmin roba
don kar ƙanenta ya gwada.
Ilu, da wanzami ya yi wa ƙwal da la'asar,
ya yi kuka har barci ya raba gardama.
Azuminsa na bana huɗu ne,
kowane daga asuba zuwa hantsi.
Kakarsa ta ce kar ya damu,
ubansa tela ne, zai haɗa ya ɗinke,
su tashi guda cikakke.

Kuɗin atamfar da na ware
gero ya ci rabi, sukari ya taɓa,
zazzaɓin goyo ya share saura.
Sai na jawo buhun ƙarƙashin tebur,
inda ƙyallayen unguwa ke kwana.

Shuɗin shaddar limamin Mokoyo,
leshin amaryar gidan mai kilishi,
ɗan ja, ɗan ruwan goro,
da kifayen zanen Hajiya Tabawa,
uku da rabi, ɗaya babu wutsiya.
Na jera, na warware, na sake jerawa.
Ladan ya yi kiran farko
ina kafa maɓalli na ƙarshe.

Da safe ta tsaya gaban madubin shago,
ta ƙirga launi har bakwai,
iyakar abin da lakwal ta ba ta.
Ta dube ni. Na dubi almakashi.

Muka dawo idi, aka ci tuwo da miyar taushe,
yara suka fita barka da salla,
Ilu a baya, wando na neman faɗuwa.
Ina jin muryar daga nan:
"Ke ƴar tela, zo!
Wannan kifin ba nawa ba ne?"
Na ce yau asiri ya tonu a Maradi,
na fara haɗa kalmomin ban haƙuri.

Sai dariya ta tsallako katanga.
"Ashe anko muka yi, ƙawata!"
Dala ashirin ta faɗa tafin Rahamu.
Amarya ta gane leshinta a wuya, ta ƙara goma.
Matar liman ta shafa kafaɗa ta ce
albarkar malam ta riga ta hau.
Gida bakwai, kowa da rabonsa a jikinta,
ba ƙofar da ta shiga a baƙuwa.

Da magariba suka zube ganima a tabarma:
sulalla, dabino, balan-balan da ta fashe,
alawar da ta narke cikin aljihu.
Rahamu ta raba, ɗaya naka, biyu nawa,
ta hana a cire rigar ko don wanka.

Wani na sallama a waje, wandonsa yake nema.
Na yi lamo.
Ilu ya hau cinyata, baki duk maiƙo:
"Baba, azumina fa? Ka ɗinke?"
Na ce, "Gobe, in Allah ya so."
Tsahara, daga bakin murhu:
"Yi haƙuri, ɗana. Haka yake ce wa kowa."