Akwatin Baba Labbo

A Ƙauran Namoda dogo ya ƙare,
babu gaba, sai kan jirgi ya juya.
Nan Baba Labbo ya yi akawun kaya
shekara ashirin da bakwai.
Ya bar mana gida, da bashin mai shago,
da akwatin ƙarfe da ba ya rufuwa sai an zauna a kai.

Na ɗauka takardun gona ne.
Ashe littattafai ne, talatin da huɗu,
ƙanana, na cusawa a aljihu,
bangonsu ya yi laushi kamar tsohuwar takardar kuɗi.
Nan mace da jan baki, can inuwar mutum bayan labule.
Duk na Amurka. Duk mutum guda ne a ciki.

Ba zan kira sunansa ba, ya sha kira.
Ofishinsa a hawa na uku, fanka ta mutu,
mai haya na bin sa yadda yake bin mutane.
Ba mata, ba ɗa, ba ko akuya,
sai kwat guda da ta sha ruwan sama ta ƙoshi.
A littafi na biyu an fasa masa kai.
A na tara an sake, wuri guda.
Ya miƙe, ya kaɗe hula, ya ce a ba shi gahawa.

Abin da ya ɗaure mini kai, ba ya tsufa.
Baba ya fara da shi gemu baƙi wuluk,
ya ƙare da tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya.
Gogan kuwa yana nan a arba'in,
gwiwa ba ta yi masa ƙara in zai tashi.

A gefen shafi Baba na gardama da shi da fensir:
"Direban ne." Can gaba: "A'a, matar ce."
Can gaba kuma, da ɗan siririn rubutu:
"Labbo, ka ji kunya."
Wannan ya fi mini labarin daɗi.

Na sha bakwai, gara ta riga ni.
Ta cinye shafi shida na ƙarshe,
ta bar ni da gawa a gareji
da mutum huɗu, kowa da tasa ƙaryar.
Duk Zamfara ita kaɗai ta san mai laifi,
ita kuwa ba ta ba da shaida.

Na kai ƙara wurin Nomau mai bin sawu,
wanda ya taɓa gano saniya a kasuwar Shinkafi
daga karkacewar kofato guda.
Dare uku ina karantawa ina juya masa.
Ya tauna goro, ya ce,
"Wanga mutum naku surutu garai.
Shi bai duban ƙasa?
Wa ya riga kowa zuwa gaisuwa? To, shi na."

Na yi dariya, sai dariyar ta tsaya a wuya.
Ƙanena Tsalha ya hau babur hanyar Zurmi,
damina uku ke nan.
An tsinci takalminsa ɗaya, na hagu.
Nomau ya bi sawu har bakin daji, ya ja ya tsaya,
ya ce daga nan ba aikin ido ba ne.
Babu mai kwat da ya buga mana ƙofa,
babu wanda ya tara mu a ɗaki ya nuna wani da yatsa.
Inna ta sa takalmin ƙarƙashin gado,
ran Juma'a takan goge shi.

Jiya an ɗauke wuta, na kunna tocila,
na ɗauko na sha takwas.
Ga shi nan, fanka dai ba a gyara ba.
Wata ta shigo tana neman ɗan'uwanta.
Ya ce ta zauna.
Ya tambaye ta ranar da ta gan shi na ƙarshe.
Sai na ji bakina yana ba shi amsa:
Laraba ce, bayan azahar,
riga shuɗiya, aljihun hagu a yage.